A Gindin Dutsen Kamaru

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Duwala zuwa Limbe ya san wurin da nake nufi. Ka haye gadar Bonaberi, ka wuce kogin Mungo, ka shiga ratsa gonakin roba da ayaba na Tiko, in ka taki sa'a gajimare ya yaye, sai ka ga wani abu baƙi ƙirin ya tare maka rabin sama. Baƙo yakan ɗauka hadari ne ya haɗo. Dutsen Kamaru ke nan, wanda masu wurin, Bakweri, ke kira Mongo ma Ndemi, ƙololuwarsa kuma Fako. Tsayinsa ya haura mita 4,000, ƙafarsa kuwa tana cikin teku, shi ya sa girmansa ke cika ido fiye da duwatsun da muka saba gani a arewa.

A watan Disambar da ya wuce na bi hanyar nan tare da uwargida. Ita ba ta taɓa wuce Ngaundare ba a rayuwarta. Abin da ya fito da mu daga Garwa shi ne 'yarmu da ke aure a Buea ta haihu. Muna isa Mutengene, inda hanya ke rabuwa, ɗaya ta gangara Limbe ɗaya ta hau Buea, sai dutsen ya buɗe gaba ɗaya. Hajiya ta yi shiru tana kallo ta gilashi, can ta juyo ta ce, "Alhaji, a gindin wannan ka ba da yarinyar nan? Shi ne wanda aka ce wuta ce cike da cikinsa?"

Na ce mata eh shi ne, amma maganar wuta cike da ciki akwai gyara. Ta ce in riƙe gyarana. Ban ga laifinta ba. Ga shi kuma tun kafin mu taso surukina ya bugo waya yana neman shawara: an yi masa tayin fili a saman gari, wajen da gidaje suka fara ƙarewa daji ya fara, yana son ya saya ya bar gidan haya. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kusan duk abin da ya tara ne a shago. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta abin da na sani game da dutsen nan, don ba mu kaɗai ba ne ke da 'ya'ya da dukiya a Buea da Limbe da Tiko da Muyuka.

Na fara saninsa da gaske a shekarar 1999. Lokacin ina yaron wani maigida, muna sauko da albasa daga Marwa, mu sauke wata a Duwala, mu ƙarasa da saura Limbe da Idenau, mu komo da busasshen kifi da jatan lande. Babbar Sallar shekarar a Buea ta same ni, gidan mai masaukinmu. Tun kafin a yanka raguna ƙasa ta fara motsi. Kana zaune sai ka ji kwanukan da ke kan kanta suna ƙara su kaɗai, ruwan buta yana rawa, karnukan unguwa suna ta haushi. Wasu gidajen bulo suka tsage. Mutane suka kwashe tabarmi suka koma kwana a fili duk da sanyin garin. Daren 28 ga Maris aka yi ta ihu a waje, muka fito, sai ga gefen dutsen can sama ya yi ja wur kamar bakin murhun maƙeri, ana jin rugugi irin na aradu mai nisa wadda ba ta ƙarewa.

Allah ya taƙaita, abin bai nufo Buea ba. Ya gangara ta kudu, wajen teku. Ya ɗauki fiye da mako biyu yana tafiya, ya ci daji, ya ci gonakin kwakwar manja, toka ta yi ta zuba a ƙauyukan bakin teku har mutane na kukan ido da tari. Aka kwashe mutanen Bakingili. A tsakiyar Afrilu ya hau kan titin Limbe zuwa Idenau ya datse shi, sa'an nan ya tsaya, saura 'yan ɗaruruwan mitoci ya shiga ruwa.

Na je na gani da idona, don muna da buhunan albasa da ke jiran a kai su Idenau. Ni a zatona zan tarar da kogin wuta yana gudu. Abin da na tarar wani tudu ne baƙi, ya fi gida mai bene tsawo, kamar an juye gawayin duniya wuri guda, kuma tudun nan yana tafiya. A hankali yake matsowa, har kana iya tsayawa ka kalle shi. Duwatsun gabansa suna ruftowa da ƙara kamar ana fasa tulun ƙasa, in ɗaya ya faɗo sai ka hango jan garwashi ta gurbinsa. Bishiyar kwakwa tana tsaye, ganyenta ya bushe, ya kama da wuta tun kafin abin ya taɓa ta. Zafin ba ya barin ka matsa. Albasarmu dai ba ta ga Idenau ba. Kowa ya san abin da laimar bakin teku ke yi wa albasa, muka karyar da ita a Limbe, rabi ma zubarwa aka yi. Maigidana bai taɓa zargina ba, Allah ya jiƙansa, amma shekarar nan ba a yi maganar ƙarin jari ba.

Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne tambaya guda: dutse fa, dutsen da muke fasawa da guduma, me zai narkar da shi haka? Ni ban yi boko mai zurfi ba. Na sami amsar ne guntu-guntu, wani wajen wani malamin sakandare a Limbe da ke sayen albasa hannunmu, wani a littattafan yarana, wani a waya bayan da intanet ta zo.

Abu na farko da malamin ya kawar mini shi ne zaton da kusan kowa ke yi, irin na Hajiya, cewa muna zaune ne kan wani tafkin wuta, ƙasa ta rufe shi kamar murfin tukunya. Ya ce in ɗauki dafaffen ƙwai. Ɓawonsa shi ne ɓawon duniya da muke takawa, kaurinsa a ƙarƙashin tudu wajen kilomita 30 zuwa 50, a ƙarƙashin teku kuwa bai kai haka ba, 5 zuwa 10 ne. Farin ƙwan shi ne tsokar duniya, mai kaurin kusan kilomita 2,900. Gwaiduwa kuma ƙwallon tsakiya, wanda akasarinsa ƙarfe ne. To ita wannan tsokar, inda aman wuta ke samo asali, dutse ce daskararre. Zafin akasarinta ya wuce digiri 1,000, duk da haka ba ta narke ba.

Na ce masa, Malam, masu zuba tukwanen alminiyom a kasuwa da gawayi kawai suke narkar da shi. Ya ce ai alminiyom a digiri 660 yake narkewa, kuma babu abin da ya danne shi. Dutsen da ke can ƙasa kuwa yana ɗauke da nauyin kilomitoci da yawa na dutse a kansa. Abu in zai narke yana bukatar ya ɗan saki jiki ya buɗe, dannewa kuma tana hana shi. Iya zurfin da ka yi, iya zafin da zai ƙaru, amma iya nauyin da zai ƙaru shi ma, sai su yi ta riƙe juna.

Direbobi za su fi kowa saurin gane wannan. Mota ta hau tudu ta ɗau zafi, ruwan lagireto ya wuce zafin tafasa, amma yana nan ruwa bai tafasa ba saboda murfi ya matse shi. Wani yaron mota marar haƙuri ya zo ya murɗe murfin, nan take ruwan ya tashi ya watso masa a fuska. Ba a ƙara wuta ba ko kaɗan, matsi aka rage. Haka dutsen cikin ƙasa yake. Ko da yake daskararre ne, zafi ya sa yana motsi a hankali kamar kwalta a rana, 'yan santimitoci a shekara, kusan yadda farcen mutum ke tsiro. Inda ya fi zafi sai ya riƙa tasowa sama. Yana tasowa nauyin da ke kansa na raguwa, zafinsa kuwa bai huce ba, har ya kai inda nauyin ba zai iya riƙe shi ba. A nan yake fara narkewa. Wannan narkakken dutsen shi masana ke kira magma muddin yana ƙarƙashin ƙasa, in ya fito fili kuma su ce laba.

Kuma ba duka yake narkewa ba, wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Dutse haɗin ma'adinai ne iri-iri, kowanne da zafin da yake narkewa. Ka tuna suyar naman Sallah: kitse ya narke ya zama kakiɗe, tsoka tana nan. To haka nan, kashi kaɗan ne cikin ɗari ke narkewa, ya riƙa tsattsafowa ta tsakanin ƙwayoyin dutsen ɗigo-ɗigo. Da yake narkakken ya fi daskararren rashin nauyi, sai ya nemi sama, yadda mai ke tasowa kan miya. Ɗigo ya haɗu da ɗigo, su sami tsaga su bi, su taru a wani wuri cikin ɓawon duniya su zauna, wani lokaci shekaru aru-aru. Da yawansa ma a nan yake hucewa ya daskare, ba ya taɓa ganin rana.

Akwai wata hanyar da dutse ke narkewa wadda ba ta shafe mu sosai a nan ba. Ɓawon duniya a farfashe yake, manyan faifai ne da ke goga juna. A wasu wuraren faifan da ke ƙarƙashin teku yana nutsawa ƙarƙashin maƙwabcinsa, ya tafi da ruwa cikin duwatsunsa, ruwan nan kuma ya sa dutse mai zafi ya narke da wuri, kamar yadda 'yar kanwa ke sa wake ya nuna ba tare da an ƙara itace ba. Duwatsun Indunusiya da Japan da Filifin ta haka suke samun nasu. Kamaru tana tsakiyar faifan Afirka ne, nesa da bakinsa, shi ya sa har yanzu masana ke muhawara kan abin da ke turo zafin a daidai wannan wuri.

To me ke fito da shi waje? Iska. Magma tana ɗauke da tururin ruwa da iskar kabon da ta farar wuta narke a cikinta, kamar yadda iska ke ɓoye cikin lemon kwalba. Kwalba tana rufe ba ka ganin komai. Girgiza ta ka buɗe, ka ga abin da zai faru. Sabuwar magma in ta taso daga ƙasa ta cika ma'ajiyar, sai ta fara fasa dutsen da ke samanta tana neman hanya. Fashewar nan ita ce girgizar da ta riƙa kaɗa mana kwanuka a Buea. Tana ƙara hawa, matsi na raguwa, iskar na kumfa tana faɗaɗa, kumfar kuma na tura ta da ƙarfi har ta ɓalle.

Nan ne na samu abin da zan gaya wa Hajiya ta saurare ni, don da tukunyarta na yi mata misali. Na ce koko in yana tafasa, kumfa takan fito ta fashe salin alin. Talge kuwa in ya yi kauri, sai ya riƙe iskar, ya kumbura, ya fallatso ya ƙona hannu. Magma ma haka take. Wadda ke da sinadarin silika da yawa, wato asalin yashi, kauri gare ta, tana toshe maƙogwaron dutse har ya tarwatse gaba ɗaya, irin abin da Pinatubo ya yi a Filifin a 1991. Ta Dutsen Kamaru silikarta kaɗan ce, tana fitowa da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, tsinkakkiya, ta yi tsartuwa a bakin ramin sa'an nan ta kwarara. Shi ya sa a 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982 da 1999 da 2000 duk ya yi amai, amma Buea tana nan. A 1909 Jamusawa, waɗanda Buea ce hedkwatarsu a lokacin, sun tsorata sun gudu Duwala na ɗan lokaci. A 1922 labar ta kai har cikin teku. Ta lalata gonaki da hanyoyi, amma mai ƙafa yakan samu lokacin kaucewa.

Hajiya ta ce, to ai da sauƙi. Na ce kada ki yi saurin cewa haka, don abin da ya fi kashe mutane a ƙasar nan ba a ma ga wutarsa ba.

Ina ɗan shekara 16 aka yi abin tafkin Nyos, can arewa maso yamma wajen Wum, daren 21 ga Agusta 1986. Duk wanda ya kai shekaruna a Kamaru ya tuna inda yake da ya ji labari a rediyo. Tafkin yana zaune ne cikin tsohon ramin aman wuta, zurfinsa ya haura mita 200. Magmar da ke can ƙarƙashi ba ta fito ba, iskar kabon ɗinta kawai ta riƙa tsattsafowa cikin ruwan gindin tafkin shekara da shekaru, nauyin ruwan sama yana danne ta. Kwalbar lemo ke nan, mai girman tafki. Daren nan ruwan ya juya, iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba ta tashi sama ba, ta bi kwari tana gangarawa kamar ruwa, ta shiga Nyos da Cha da Subum mutane suna barci. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500, da yawansu shanun Fulani. Bukkoki na tsaye, ba abin da ya ƙone. Waɗanda ke kan tudu da yawa sun tsira, na kwari ne suka tafi. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tafkin Monoun da ke wajen Fumbot ya yi irin wannan ya kashe mutum 37. Tun 2001 aka kafa bututu a Nyos da ke zuƙo ruwan gindi yana fesawa sama don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, aka ƙara biyu a 2011.

Da na fahimci wannan sai idona ya buɗe kan hanyoyin da na yi shekaru ina bi ban san me nake gani ba. Dutsen Kamaru ɗaya ne cikin wani dogon jeri mai kusan kilomita 1,600. Ya faro daga tsibiran cikin teku, Annobon da Sao Tome da Bioko, wanda kake hangowa daga Limbe in gari ya yi haske. Ya hau tudu ta Manenguba da duwatsun Bamenda da Oku, reshe ɗaya ya nufi Ngaundare, ɗaya ya yi arewa har tudun Biu a Barno. Tafkin Barombi Mbo da 'yan kasuwar Kumba ke zuwa shan iska, ramin aman wuta ne. Tafkin Tila na kusa da Biu ma haka. Dogayen duwatsun Rumsiki da ke tsaye kamar taɓare, waɗanda Turawa ke zuwa ɗauka hoto, magma ce da ta daskare cikin maƙogwaron tsofaffin duwatsu, ruwa da iska suka cinye jikin suka bar ta tsirara. Waɗannan sun daɗe da yin shiru. Na Fako ne idonsa biyu.

Kwana na uku da zuwanmu na ɗauki Hajiya da surukina muka gangara Limbe. Ta tsaya bakin teku tana juya yashi da ƙafa, ta ce ita ba ta taɓa ganin baƙin yashi ba. Na ce garin dutsen ne, teku ya niƙa. Muka ci gasasshen kifi a Down Beach, tsadarsa ta ba ni haushi amma ba laifi, muka wuce Bakingili. Titin yanzu ya yi gwiwa ya kewaye harshen labar. Tudun da na gani yana hayaƙi ina saurayi yau ciyawa da ƙananan itatuwa sun fito a kansa, mutane na hawa suna ɗaukar hoto. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan kacal. Ruwan sama ne ke wannan aikin, don nan gaba kaɗan Debundscha take, inda ruwan shekara ke kai milimita 10,000, tana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a duniya. Baƙin dutsen nan in ya ruɓe shi ke zama ƙasar da ke ba da ayabar Tiko da shayin Tole da manjan da muke lodi zuwa arewa. Jamusawa ba don kallo suka ƙwace gindin dutsen suka kafa gonaki ba. Mu ma abin da ya kawo mu ke nan, ko mun sani ko ba mu sani ba.

A hanyar komawa surukina ya ce, "To Baba, filin fa?"

Washegari muka je muka duba. Wurin na da kyau, kana hango Tiko da ruwan Duwala shimfiɗe a ƙasa. Amma filin yana bakin wani busasshen kwazazzabo ne da ya sauko daga saman dutse, cike da baƙaƙen duwatsu masu girman buhu. Mai filin ya ce ai ba ruwa a ciki sai da damina. Na ce wa yaron, laba ruwa ce, inda ruwa ke bi nan take bi. Ko dutsen bai yi amai ba a zamaninka, waɗannan duwatsun ba da ƙafa suka zo ba, ambaliya ce ta mirgino su, kuma Buea ta sha ganin irinta. Na ce ya nemi wuri a kan doro ko da ya fi ƙanƙanta, ya tambayi tsofaffin Bakweri na unguwar abin da ya taɓa bi ta nan, ya kuma sa magini ya ɗaure ginin da rodi da kankare sama da ƙasa, don a 1999 bulon da ba ɗauri ne ya tsage. Bene kuwa ya haƙura da shi. Kayan shago kada ya tara su duka wuri guda, ya bar wani abu a Duwala wajen ɗan uwansa. Wannan ma ko ba dutse, rikicin yankin nan na shekarun baya-bayan nan ya isa ya koya wa kowa.

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, don farashin ya yi masa. Ya ce zai yi tunani. Makonni uku bayan mun koma Garwa ya bugo ya ce ya fasa, ya sami wani rabin wancan a ƙasa-ƙasa wajen Molyko, ana kan ciniki.

Hajiya kuwa har yanzu ba ta yafe wa dutsen ba, duk wayar da za ta yi da yarinyar sai ta tambaya ko ƙasa ta motsa. Amma ranar da muka je Bakingili ta tsinci wani baƙin dutse gefen titi, mai huji-huji kamar soso, gurbin kumfar iskar da ta fita yana hucewa. Ta ƙulle shi a bakin mayafi ta kawo shi har Garwa. Yana nan a makewayi, da shi take goge kaushi.